Wa Ke Riƙe da Bayanin Abin da Ma'aikaci Ke Shaƙa?

Kayan aikin hannu a Zariya sun sauya sosai cikin shekaru ashirin da suka wuce. Kafintan da ya koyi sana'a da katakon maɗaci yanzu allon MDF yake yankawa, wanda garin katako ne da aka matse da gam mai sinadarin fomaldihaid. Mai fentin mota a Sabon Gari ya koma fenti mai haɗi biyu, wanda ba ya bushewa sai an zuba masa sinadarin da ke taurara shi. Mai sa tayil yana yanka dutsen kantar kicin da aka haɗa a masana'anta. Baduku ya rage ɗinki ya kama gam, mai gyaran batir kuma yana fasa na sola. Sauƙi ko araha ko kyau ne ya shigo da waɗannan kaya kasuwa, kuma da wuya ka ga wanda ya zo da cikakken bayanin abin da zai yi wa huhu, hanta ko jijiyar mutumin da ke wuni cikinsa.

An saba cewa ai kayan sababbi ne, bincike bai kai kansu ba tukuna. A ganinmu wannan rabin zance ne. Kafin a iya cewa wani sinadari yana jawo wata cuta, sai an haɗa bayanai uku a kan mutum ɗaya: me ke cikin kayan, nawa ne ya shiga jikinsa kuma tsawon wane lokaci, sannan wace cuta ta same shi daga baya. Na farko yana hannun kamfanin da ya ƙera kayan. Na biyu yana hannun mai wurin aiki da jami'in da doka ta ɗora wa duba wurin. Na uku yana asibiti. Babu abin da ke tilasta wa waɗannan uku haɗa abin da suka sani, wasunsu ma suna da riba idan ba a haɗa ba.

Tarihin asbestos, wanda silinsa da kwanon rufinsa ke kan gidaje da ajujuwa masu yawa a nan har yau, ya fi kowane nuna yadda abin ke tafiya. Tun 1930 rahoton jami'an duba masana'antu Merewether da Price ya tabbatar wa gwamnatin Ingila cewa ƙurarsa tana taurara huhu. Abin da ya rage shi ne batun ciwon daji. Kamfanonin asbestos na Amurka suka ɗauki nauyin gwaji a kan dabbobi a ɗakin binciken Saranac, ƙarƙashin Dokta Leroy Gardner, da sharaɗin cewa sakamakon mallakarsu ne, kuma su za su duba kafin a buga. Gardner ya ga ƙari a huhun ɓerayen da ya gwada. Ya rasu a 1946. Da rahoton ya fito a 1951, an cire batun ciwon daji daga cikinsa. A Ingila kuwa, Richard Doll ya bi diddigin ma'aikata 113 da suka yi shekara 20 ko fiye a wata masana'anta a Rochdale, ya tarar 11 sun kamu da ciwon dajin huhu a inda lissafi ya nuna ko mutum ɗaya bai kamata a samu ba. Kamfanin ya nemi hana bugawa, Doll ya buga a 1955. A 1960 Dokta Wagner ya bayyana mutum 33 a Afirka ta Kudu masu ciwon dajin tantanin da ke lulluɓe huhu, cutar da kan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Duk da haka Ingila ba ta haramta asbestos gaba ɗaya ba sai 1999. A lura da kyau: a Saranac ba sai da wani ya ƙirƙiri sakamakon ƙarya ba. Layi ɗaya a takardar yarjejeniya, wanda ya ba mai kuɗi ikon cewa me za a buga, shi ya isa.

Haka aka yi da binil kulorayid, iskar da ake yin robar PVC da ita. A 1972 Cesare Maltoni a Italiya ya ga wani ciwon dajin hanta da ba a cika gani ba a jikin ɓerayen da suka shaƙi kashi 250 cikin miliyan, alhali iyakar da aka yarda wa ma'aikata a Amurka 500 ce. Kamfanonin Turai da suka biya kuɗin binciken sun nuna wa takwarorinsu na Amurka sakamakon bisa alkawarin sirri. Jama'a ba su ji ba sai a Janairun 1974, da aka sanar cewa ma'aikata a wata masana'anta a Louisville ta Amurka sun mutu da wannan cutar. Cikin shekarar aka sauko da iyakar daga 500 zuwa 1. Haɗarin yana kan masu sarrafa iskar ne a masana'anta, ba kan mai sa bututu ko silin roba ba, sai dai ƙona tarkacen PVC yana fitar da hayaƙi mai guba, kuma ana yi a bayan shaguna.

Ba kullum ɓoyewa ce matsalar ba. Sau da yawa hukumomi ne kowacce ta tsaya iya gonarta. Diasetil sinadari ne da ke ba gugguru ƙamshin man shanu. Hukumar abinci ta Amurka ta ɗauke shi a matsayin abin da ba shi da illa, kuma ta fuskar ci da baki gaskiya ne. Ba aikinta ba ne ta tambayi abin da zai faru da wanda ke tsaye kan tankin da ake ɗumama shi. A 2000 aka gano tsofaffin ma'aikata takwas na wata masana'antar gugguru a jihar Missouri da cutar da ke toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu, wadda ba ta warkewa. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata amma maras ikon hukunci, ta ba da shawarar iyakar kashi 5 cikin biliyan a 2016. Hukumar OSHA, mai kula da lafiyar wuraren aiki a Amurka kuma mai ikon hukunci, har yanzu ba ta da iyaka ta doka a kan sinadarin. Yawancin iyakokin OSHA ma tun 1971 aka ɗauke su, daga jerin da wata ƙungiyar masana mai zaman kanta ta fitar a 1968. Da hukumar ta sabunta ɗaruruwansu a 1989, kotu ta rushe aikin a 1992. A 1988 kuma masu bincike Castleman da Ziem suka nuna cewa sama da sinadarai 100 a jerin waccan ƙungiya, an dogara sosai ne da bayanan kamfanoni da ba a taɓa bugawa ba wajen yanke musu iyaka. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin irin waɗannan lambobi ne ake kwafowa a takardun da ke rako kaya zuwa kasuwanninmu.

Manoman Giwa da Soba da Maƙarfi da ke feshin maganin ciyawa mai gilayfoset suna tsakiyar irin wannan saɓani. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa ne sinadarin yana jawo ciwon daji, hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai kuma ta ce da wuya. Ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ta farko tana duba binciken da kowa ke iya karantawa, tana tambaya ko abin zai iya jawo cutar. Ta biyu tana haɗawa da binciken da kamfanoni suka miƙa mata, tana tambaya ko zai jawo ta a gwargwadon da ake amfani da shi bisa ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa ta ɗauka mai feshin yana sanye da safar hannu da takalmin roba da riga mai rufe jiki, ba silifa da tankin baya mai yoyo ba.

Kayan da ake kira nano, masu ƙanƙantar da ta wuce ganin madubin likita na yau da kullum, sun ƙara wata wahala: ma'aunin kansa ba ya kama su. Ana auna ƙura da nauyi, miligiram nawa a mita kubik ɗaya ta iska (wato mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi). Amma idan aka niƙe abu ya yi laushi ƙwarai, nauyi ɗaya zai ƙunshi ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, kuma fatar ƙwayoyin ce ke hulɗa da huhu. Shi ya sa a 2011 NIOSH ta raba iyakar titaniyom dayoksaid, farin sinadarin fenti, gida biyu: miligiram 2.4 ga mai laushi, 0.3 ga mai tsananin laushi. A 2008 masu bincike a Edinburgh suka nuna cewa dogayen zaruruwan kabon na nano suna haddasa kumburi a jikin ɓeraye irin na asbestos, amma an sha samun takardun kaya da ke ba su iyakar girafayit na fensir, don kawai dukansu kabon ne. Dokar sinadarai ta Turai da ta fara aiki a 2007 ta wajabta rajista da bayani ne daga tan ɗaya a shekara. Abin da ake sayarwa da kilo yana wucewa ta ƙasan wannan katanga.

A Nijeriya rarrabuwar ta fi haka. Duba masana'antu aikin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, ƙarƙashin Dokar Masana'antu ta 1987, dokar da aka tsara da manyan masana'antu a zuci. Izinin shigo da sinadarai yana hannun NAFDAC. Ingancin kaya na SON ne. Gurɓatar muhalli ta NESREA ce, wadda aka kafa a 2007, da KEPA a matakin jihar Kaduna. Diyya tana hannun NSITF bisa dokar 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa. Asibiti kuma na ma'aikatun lafiya ne. Ɗauki gwangwanin fenti ɗaya ka bi shi. An duba takardarsa a tashar jiragen ruwa, wataƙila an duba ko ya cika ingancin da aka rubuta. Idan aka zubar da ragowarsa a kwata, akwai hukumar da abin ya shafa. Amma hazon da ke tashi tsakanin bindigar feshi da hancin yaron shago, a garejin da ba shi da rajista, wanda maigidansa bai taɓa jin sunan NSITF ba, ba ya cikin littafin kowa. Rijiya ta bayar, guga ya hana: bayanin haɗarin yana nan a rubuce a wani wuri, hanyar da za ta kai shi ga mai aikin ce babu.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 darasi ne a kan wannan giɓi. Mutane suka riƙa niƙa dutsen zinariya a busasshe cikin gidaje da injin niƙa, dutsen kuwa cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka mutu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka fara ankara, su ma wani aiki daban ya kai su. Ma'adinai na gwamnatin tarayya ne a tsarin mulki, kula da marasa lafiya a ƙauye na jiha da ƙaramar hukuma, share ƙasar kuma na muhalli. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin a share shi, kuma ba a iya fara ba yaransa maganin cire dalma kafin nan ba, domin yaron da aka yi wa magani ya koma gida mai guba, dalmar za ta sake shiga. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Inda abin ya fi damun mu shi ne asibiti, don nan ne ake rasa bayani na uku ba tare da kowa ya yi niyyar ɓoyewa ba. Dutsen kanta na haɗi yakan ƙunshi silika, sinadarin yashi da dutse da ƙurarsa ke taurara huhu, sama da kashi 90 cikin 100, ninki biyu zuwa uku na abin da ke cikin dutsen giranit, mabul kuwa kaɗan ne nasa. A Isra'ila da Sifen da Ostireliya an ga matasa masu yanka shi sun kamu da taurin huhu cikin ƙasa da shekara goma, har Ostireliya ta haramta shi daga 1 ga Yulin 2024. Alamomin cutar su ne tari, haki, rama, da tabo a saman huhu a hoton ƙirji. Alamomin tarin fuka ke nan sak. Zariya tana da cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, da asibitin koyarwa a Shika, kuma tsarin tarin fuka yana da fom, da magani kyauta, da wanda ake kai wa rahoto. Taurin huhu daga ƙura ba shi da ko ɗaya. To idan mai yankan tayil ko mai fasa dutse ya zo da tari, gwajin majina bai nuna ƙwayar cuta ba amma hoto ya nuna tabo, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora shi kan maganin wata shida. Ƙari a kan haka, silika tana ninka haɗarin kamuwa da tarin fukar na gaskiya kusan sau uku, don haka mutum na iya ɗauke da duka biyun, a yi maganin ɗaya a rubuta an warke. A katin asibiti, gurbin sana'a kan ɗauki kalma ɗaya: ɗan kasuwa, ko mai aikin hannu. Daga nan zaren ya tsinke.

Haka asmar mai fentin mota take shigewa cikin asmar gama-gari. Sinadarin aisosayanet da ke cikin abin taurara fenti yana sa jiki ya tsane shi, bayan haka ko ɗan kaɗan ya isa ya shaƙe mutum, sau da yawa da dare bayan an tashi aiki, sai a ɗora wa sanyi ko hazon hunturu. Mutuwar tafin ƙafa da yatsu a wurin mai haɗa takalma, wadda sinadarin hekzen na wasu nau'o'in gam ke jawowa, kuma aka san ta tun shekarun 1960 a wurin masu yin silifa a Japan, sai a ce ciwon suga ne ko sanyin ƙashi.

Ko an tashi yin bincike, lissafin yana iya yaudara. A ɗauka, don misali, wata cuta tana kama mutum ɗaya cikin ɗari bayan shekara goma sha biyar. Idan aka duba mutum talatin da suka yi shekara huɗu a sana'ar, ba za a ga komai ba, sai a rubuta ba a samu shaidar illa ba. Sannan wanda haki ya kama ya riga ya bar garejin ya koma ƙauye ko ya kama tuƙin Keke Napep, waɗanda aka tarar a bakin aiki su ne masu sauran ƙarfi. Binciken da zai kama gaskiya sai ya bi mutane shekaru da yawa, har da waɗanda suka bar aikin. Malamin jami'a kuwa da yawan maƙalu ake yi masa ƙarin girma, kuɗin bincike daga waje yana bin cututtukan da masu bayarwa suka zaɓa, shiga masana'anta kuma sai da izinin mai ita. Likitan da kamfani ke biya yana tsakanin maras lafiya da mai biyansa. Shi kansa ma'aikacin yana ɓoye tarinsa don kada a sallame shi, ƙungiyar masu sana'a kuma tana ɗari-ɗari da duk baƙon da ya zo da takarda, kada ya zama hanyar haraji ko rufe shago. Zariya tana da Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, da cibiyar fasahar fata ta NILEST a Samaru. Garuruwa kaɗan ne a Arewa ke da irin wannan tarin masana kusa da masu sana'a. Abin da ya rage shi ne a ɗora wa wani alhakin haɗa su, da kasafin da zai riƙe aikin.

Akwai abubuwan da ba sai an jira wannan ba. Kowane sinadari na masana'anta yana da takardar bayanin haɗari mai sashe 16, kuma dillali na iya nemo ta daga wanda ya shigo da kayan. Sashe na 2 yana faɗin haɗarin, na 3 abin da ke ciki tare da lambar CAS, wato lambar shaida ta duniya ta kowane sinadari, na 8 iyaka da kayan kariya, na 11 gwajin da aka yi. Idan sashe na 11 ya ce babu bayani, ma'anarsa ba a gwada ba, don haka a ɗauki kayan a matsayin mai haɗari. Lambar CAS ta fi sunan kasuwa amfani, domin suna yana sauyawa, ita ba ta sauyawa.

Ga ƙurar dutse, iyakar da Amurka ta sa a 2016 ita ce maikurogiram 50 na silika a kowace mita kubik ta iska cikin awa takwas. Ma'aikaci yana shaƙar kimanin mita kubik 10 a wunin aiki, wato rabin miligiram ke nan gaba ɗaya, abin da da ƙyar ido zai gani a tafin hannu. Yankan busasshe yana wuce wannan ninki-ba-ninki. Maganin shi ne ruwa ya riƙa zuba kan faifan injin a duk tsawon yankan, ba a jiƙa dutsen sau ɗaya a ci gaba ba, a kwashe taɓon tun yana ɗanye, kada a share shagon da busasshiyar tsintsiya. A tabbatar injin na aiki da ruwa ne, saboda wutar lantarki. Takunkumin asibiti da ƙyalle ba sa tare ƙwayar da ke ƙasa da maikuron 4 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wadda ita ce ke kaiwa ƙasan huhu. Sai mai alamar N95 ko FFP2, FFP3 ya fi, kuma ya manne da fuska, gemu mai kauri yana buɗe masa hanya ta gefe. Shi ma wannan ba ya tare tururin tina ko gam, sai mai kwanson gawayi da ake sauyawa a kai a kai. Feshin fenti mai aisosayanet kuwa, abin da ya dace shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo, domin sinadarin yana kai matsayin cutarwa tun hanci bai ji warinsa ba. Madarar da ake sha bayan fenti ko walda ba ta wanke komai daga huhu.

Ƙungiyar masu sana'a tana iya ajiye littafi ɗaya: sunan kowane ma'aikaci, shekarar da ya fara, kayan da yake aiki da su tare da hoton gwangwani ko buhu, ranar da aka sauya kaya, da dalilin barin aiki ga wanda ya bari. Ma'aikacin lafiya kuma ya ƙara tambayoyi huɗu ga duk mai tari ko haki ko mutuwar jiki: wane aiki kake yi da hannunka, da waɗanne kaya, tun yaushe, kuma kana jin sauƙi idan ka huta kwana biyu ko ka yi tafiyar Sallah? Ga mai fenti, ƙaramar na'urar hura iska da ake ba masu asma, a riƙa hurawa sau huɗu a rana ana rubutawa na mako uku zuwa huɗu, har da ranakun hutu, tana iya nuna ko aikin ne ke shaƙe shi. Idan kuma mai bincike ya zo daga jami'a ko wata cibiya, shugabannin ƙungiya su nemi a rubuta abu uku kafin a ɗaura wa kowa na'urar auna ƙura: wa ya biya kuɗin aikin, cewa kowane ma'aikaci zai karɓi sakamakonsa a hannunsa da Hausa, da cewa babu wanda ke da ikon hana buga abin da aka samu.